Na iya karanta rubutun gefen taswirar, na ce masa suna ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya, ko matata ban gaya wa ba.

Ni mutumin Damagaram ne, shekara goma sha shida na yi ina aikin awon filaye a gida kafin in zo Amurka. Nan kuwa takarduna ba su amfane ni da komai ba, garejin ajiye motoci nake tsaro a Bronx, ina karɓar makulli ina cewa tankiyu. Ɗana na fari nan ya girma, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsa mini, Faransanci kuwa tun yana ƙarami ya ce ba ya so. Yanzu yana ƙarasa digiri na biyu, kuma bincikensa a kan tsofaffin taswirorin dazukan Faransa ne. Yana auna layi a kan taswira da milimita, ya mayar da shi perche, wato sandar awon Faransawan da, daga nan ya fitar da girman dajin. Aikina ke nan fa, abin da na ci abinci da shi.

Watan jiya na tarar da shi da abokansa biyu sun baje takardu a teburin falo, na ce masa ya kula, perche ba iri ɗaya ba ce. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce akwai manhajar da ke yin wannan a sakan ɗaya. Da na juya sai na ji yana gaya musu da Turanci wai kada su damu, babansa yana son tuna zamanin da. Suka yi dariya. A gidana, a kan teburin da na saya, wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan kwana huɗu ya miƙo mini kwamfuta, ya nuna wani rubutun hannu na Faransanci a gefen wata taswira, ya tambaye ni me aka rubuta. Kallo ɗaya na yi na karanta. Cewa aka yi perche ɗin wannan taswira mai ƙafa ashirin da biyu ce, ta awon daji. Manhajarsa kuwa mai ƙafa goma sha takwas take amfani da ita, na gani da idona. A kowace sanda ya zubar da fiye da milimita dubu da ɗari biyu ke nan, kuma duk lissafinsa a kanta yake zaune. Ni kuma na buɗe baki na ce masa sunan mai zanen ne kawai. Ya ce oke, ya ɗauke kwamfutarsa.

Na zaci zan ji sanyi, ban ji ba. Na zaci malaminsa zai gano kuskuren, shi ma bai gano ba, amma cikin waɗanda za su yi masa tambayoyi ranar Alhamis, ranar da zai kare bincikensa a gaban jama'a, akwai wata Bafaranshiya, kuma ba na jin kuskuren zai wuce ta. Uwarsa har ta goge mini babbar riga, wai kujerar gaba za mu zauna.

Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai wani ɓangare na zuciyata da yake so a gaya masa a gaban mutane, ya ji yadda na ji. Amma shekara biyu yaron nan ya yi a kan aikin, kuma ni na haife shi. In na yi shiru, zan zauna ina kallo a kunyata shi. In na yi magana, kwana biyar ɗin da suka rage sun ishe shi gyarawa, amma yaron ba wawa ba ne, tambayar farko da zai yi ita ce tun yaushe na sani. Iyayen da ke cikin gidan nan, ku gaya mini, da wane baki zan ce wa ɗana da gangan na yi masa ƙarya?