Abin da na gani daga kan tsani

Assalamu alaikum. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci, zargin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, ina kuma koyar da karatun allo. Katakon da ke bakin kwanon ɗakina gara ta cinye shi, iskar damina ta ƙarasa, har kwanon ya fara ɗagawa. Na sayo sabo, na aro tsani. A garinmu duk wanda zai hau rufi sai ya aika wa maƙwabta cewa za a hau, mata su kimtsa. Ni da nake koyar da wannan ladabi, ranar na ga hadari ya haɗo, na ce ƙusa nawa ce, na hau ban sanar da kowa ba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da aminina, zan kira shi Malam Habu. Tun muna samari muke ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanon tuwonsa a ci tare. Ina ɓamɓare ruɓaɓɓen katakon sai idona ya faɗa tsakar gidansa. Na san hukuncin leƙen gidan mutum, amma ban kau da kai ba. Matarsa na kwashe tuwo, ɗan kaɗan a gindin tukunya, ta juye shi duka a kwanon da ake fitarwa waje, yara na tsugune suna kallo. Ƙaramar ta miƙa hannu, uwar ta ce, “Bari, na Babanku ne da Malam. Ga ƙanzo nan.” Rumbunsa a buɗe, ko zangarniya ɗaya babu.

Bayan magariba ya fito da kwanon yana dariya. “Malam, bisimilla. Ture naka gefe, na san yau ma ba gishiri.” Na sa hannu, ya zan yi? Sai ya ɗaga kai ya ce, “Sabon katako! Yaushe ka hau ban ji aike ba?” Bakina ya riga ni: “Wallahi ban hau ba, turmi na taka.” Ya dube ni ya ce, “Ashe ka ƙara tsawo.” Rantsuwar ƙarya da sunan Allah, loma tana bakina!

Na aiki maiɗakina gidansa da gero, aka dawo da shi, wai Malam Habu ya ce a kai wa mabuƙata, su alhamdulillahi. Da ya sake fitowa da kwanon na ce cikina ba daɗi, ya ce, “Ko tuwon gidana ka fara ƙyama?” Dole na ci. In na daina fitowa, zai ce na raina shi. In na gaya masa gaskiya, na tona asirin da yake rufewa da yunwar ’ya’yansa, kuma ya san na kalli iyalinsa. Na san halinsa, ba zai sake haɗa ido da ni ba, gerona kuwa ko ƙwaya ba zai karɓa ba.

Katakon na nan rabi a kafe, ruwa na shiga ɗaki, na kasa sake taka tsanin. Gero bai nuna ba, kaka da saura. Yanzu haka an yi la’asar, ina jin ana kankare tukunya ta bayan katanga, anjima kwanon nan zai fito.

Jama’a, don Allah, me zan yi?