Laifin Ba Na Hannunka Ba Ne, Garba

Zuwa ga aminina Malam Garba mai zubin tukwane,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, a duk inda wannan takarda ta riske ka. Ni ne Nura na Tudun Wada. Lambarka da ke hannuna ta daina shiga tun bara waccan. Waɗanda na tambaya, wani ya ce kana Mubi, wani ya ce ka ƙetara Kamaru. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Na san ba ka manta ranar da injin nan ya iso shagona ba. Yayana ne ya aiko da shi a kwali, a wargaje, tsohon yayi da wani ya gaji da shi. Kwana tara muna haɗawa, kana riƙe ƙarafan ina ɗaure noti. Na yi maka bayani cewa firintar 3D ake ce masa: ka zana abu a kwamfuta, shi kuma ya narkar da zaren roba, ya riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi har abin ya tashi. Ka tsuguna ka kalle shi tsawon lokaci, sannan ka ce, "Wannan ai ginin zanzaro ne." Har yau ban ji wanda ya kwatanta shi ya fi haka ba.

Ya ba mu wahala, Garba. Wata rana bakinsa ya toshe, wata rana robar ta ɓalle daga farantin da yake shimfiɗa ta a kai, injin ya ci gaba da zuba zare a iska kamar taliya. Gefen abu ya nannaɗe sama kamar ganyen da ya sha rana. A yi awa biyar ana jira, saura kaɗan a gama, sai a ɗauke wuta. Da damina kuwa zaren ya sha danshi ya riƙa ɓarɓashi. Wanda ya fito da kyau ma, kana danna shi da babban yatsa sai ya rabe ta tsakanin layukan.

Kai ne ka kawo dabarar da ta fisshe mu. Ka ce mu daina sa wa roba nauyin da ba za ta iya ba. In buga samfurin kawai, kai kuma ka danna shi cikin ƙasar zubi, ka zare, ka zuba narkakken alminiyam a gurbinsa. "Robarka ta ba da siffa, ƙarfena ya ba da ƙarfi," in ji ka. Da haka muka yi marfin famfo da hannun injin taliya, har mutane suka fara neman mu.

Sai aikin Hajiya Binta ya zo, shugabar matan nan masu ƙuli-ƙuli a Gyallesu. Injin ɓare gyaɗa suke so, na juyawa da hannu, don yatsunsu sun gaji. Komai ya haɗu, saura gidan boris, wato ƙarfen da zai riƙe sandar da ke juyawa. Na zana, na buga, na kai maka. Ka ɗaga shi sama ka leƙa ta cikin ramin da ido ɗaya, ka ce, "Nura, ramin nan kamar bai yi zagaye ba." Na ce kwamfuta ce ta zana, idonka ne. Ka danna shi cikin ƙasa, ka zuba.

Ba ka je ranar gwaji ba, amma na san labari ya riske ka. Mata sun cika ƙofar gidan Hajiya, an zubo gyaɗa. Na juya sau uku, injin ya cije. Na sa ƙarfi, gidan boris ya tsage gida biyu. Ba wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi min sauƙi. Hajiya ta ce Allah ya sa gaba ta fi kyau, ta sa aka kwashe gyaɗar.

Daga nan rumfarku na wuce kai tsaye. A gaban Baba Sale, maigidanka da ya koya maka sana'a, da duk abokan aikinka, na jefa maka ƙarfen a ƙafa. Na ce inji ba ya kuskure, hannun jahilci ne ke ɓata aiki. Haka na faɗa, ba zan rage komai ba. Ka sunkuya ka ɗauki ɓarin biyu, ka share ƙasar da ke jikinsu, ka ce, "Abin da ka ba ni shi na zuba."

Wata huɗu muna haɗuwa a masallaci, mu yi musafaha, kowa ya kama gabansa. Kullum ina cewa gobe zan leƙo. Da goben ta zo, a bakin mai shayi na ji cewa ka kwashe iyali kun tafi.

Yanzu ina da sabon inji, Garba. Ba ya toshewa, ko an ɗauke wuta yana ci gaba daga inda ya tsaya. Ɗalibai su turo zane ta waya, su zo su karɓa, su tafi. Ba mai tsayawa ya yi min gardama. Bayan la'asar nakan fito da bencin nan da muka saba zama a kai ƙofar shago, in zauna a gefe guda, in kalli masu wucewa har a kira magariba. Abincin rana ma na saba cinsa a tsaye.

Watan jiya rufin shagon ya fara yoyo, ina janye kwalaye sai ga samfurin robar nan na gidan boris da ka maido min bayan zubi. Na sa wa raminsa ma'auni. Ta nan daidai, ta can ya gaza. Sai zuciya ta ce ai roba ce, shekaru takwas na zafi sun lanƙwasa ta. Na so in yarda. Amma na kakkaɓe tsohon injin, na kunna shi, na sa shi ya buga zobe. Ya fito kamar ƙwai. Bel ɗin da ke jan kan injin ta gefe ɗaya ne ya saki, kuma da na auna sauran kayan wancan lokacin, duk haka suke. Abin da ido ɗaya ya nuna maka a tsaye, ni da ma'aunina a aljihu ban duba ba.

Ranar Asabar na je rumfarku. Baba Sale ya tsufa, a kujera yake yini yanzu, amma kansa garau. Na tsaya a daidai inda na tsaya ran nan, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce zubin Garba ba shi da aibi, injina ne ya yi kuskure, ni kuma na yi zalunci. Rabin waɗanda ke wurin sababbi ne, ba su ma san ka ba. Baba ya ce, "Mu ai mun sani tun ranar. Ba mu za ka faɗa wa ba."

To ga shi na faɗa maka, mutumina. Ban ce ka dawo ba, ban ce ka kira ba. Ka yafe min kawai, ko ban ji ba.

Allah ya sa albarka a hannunka, ya tsare ka daga ƙunar wuta ta nan da ta can, ya raya maka zuriya. Allah ya sa kana tare da mutanen da suka san darajarka tun kana gabansu. Idan da rabon mu gana, Allah ya gaggauta. Idan babu, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Naka, mai neman afuwarka,
Nura, Tudun Wada, Zariya.