Sun Hana Ni Shiga Jirgi Da Goran Baba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya gama kullewa.

Ni malamar makaranta ce, ina aure a Gesse nan Birnin Kebbi, amma asalinmu Argungu. Babanmu masunci ne, da sana'ar su ya ciyar da mu har ya sa mu makaranta. Yana da wani ƙaton gora irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su shiga gulbi, suna zuba kifi a ciki, da homa biyu, wato ragar kamun kifi mai sanda, da yake kamun da su. Tun muna cikin Jihar Sakkwato, lokacin da komai sai an je can, yake da goran nan, ya girme ni nesa ba kusa ba. Muna yara ni ke wanke shi idan ya dawo, hannuna har kafaɗa yake shigewa ban taɓo ƙasansa ba.

Bara ciwon ƙoda ya kama Baba, yayana da ke aiki a Legas ya ɗauke shi ana yi masa wankin ƙoda a can. Yanzu jikin ya yi tsanani, ido ya kusa rufewa, likita ya ce wa Yaya ba zai iya jure tafiyar dawowa gida ba, kuma mu yi ta addu'a kawai. Duk sanda na kira maganarsa ɗaya ce, "Ɗiyata, ki kawo min gorana in aza hannu, ba ni son komi bayan wannan." Mutumin da bai taɓa roƙona komai ba tunda nake.

Na je Argungu ɗaukowa, Baffa ƙanin Baba da ke riƙe da gidan ya ƙi, ya ce kayan gado ba sa barin gida, kuma goran ya tsufa ya bushe kamar ɓawon ƙwai. Sai da Inna ta sa baki, na rantse masa cewa ba zai bar hannuna ba har in dawo da shi. Ina da ciki mai laulayi, an hana ni doguwar tafiyar mota, shi ya sa maigidana ya yanka min tikitin jirgi.

Na naɗe goran da zannuwa, na haɗa da homar biyu, na isa filin jirgi na Ambursa. Wajen awon kaya aka ce sandunan homa sun yi tsawo, na ce na haƙura da su. Goran kuma aka ce ba zai shiga ma'ajiyar saman kujera ba, sai dai a sa shi ƙasa cikin akwatunan mutane, in sa hannu a takarda cewa idan ya fashe ba ruwansu, ga shi sai an canja jirgi a Abuja an sake loda shi. Na ce zan rungume shi a cinyata, suka ce doka ta hana. Na ce to a sayar min kujera ta biyu, suka ce wannan tun kafin ranar tafiya ake nema, kuma ko an nema goran ya fi kujerar faɗi, bel ba zai kama shi ba. Ma'aikaciyar da ta ga ina kuka ta ce, "Hajiya ki yi haƙuri, da ina da iko da na bar ki." Ta gilashi ina hango yadda ake jibga akwatuna kan juna, na kasa miƙa shi. Ina nan tsaye jirgin ya tashi, na hau keke napep na koma gida da shi a cinyata.

Yaya ya yi min faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce na fifita ƙwarya a kan ganin mahaifina da rai, zai sayi wani goran a kasuwar 'yan Arewa a ba shi tunda ba ya gani. Na ce masa Baba da tafin hannu zai gane, a ƙarshen ransa za mu yaudare shi? Ya kashe waya. Maigidana ya ce kafinta ya yi masa akwati da soso, muka tambaya aka ce girman ya wuce ƙa'ida, sai dai ya bi jirgin kaya shi kaɗai, kuma ba su san ranar da zai isa ba. Na roƙi Baffa ya yarda in ba direban mota, ya ce in tuna rantsuwata.

Jiya na kira, da ƙyar nake jin muryar Baba, ya ce, "Kin taso?" Na ce ina hanya Baba. Ya ce Allah shi kawo ki lafiya, ki riƙe shi da kyau.

Goran yana nan ɗakina, ni kuma ban ga mafita ba. In sa hannu a takardar in bar shi cikin akwatuna, in ya fashe in kai masa ɓaraguzai? In tafi hannu rabbana in ce masa me? Ko in shiga mota da cikin nan, abin da zai faru ya faru? Wanda ya taɓa tafiya da irin wannan kaya a jirgi don girman Allah ya gaya min yadda ya yi, lokaci ba ya jirana.