Taragon da Aka Tura Ƙarƙashin Gado

Lids, Ingila
9 ga Janairu, 1972

Ɗanladi,

Ka karanta da kyau, don ba zan maimaita ba. Ina fatan kana lafiya, da Dada da Bappa da kowa a Gaya. Ni lafiya ƙalau, karatun jinya yana tafiya. Sanyin ma da sauƙi, yatsuna ne kawai suke ƙin riƙe biro da safe.

Ƙanwarka Zuliha ta rubuto mini cewa ƙarafan ƙaramin taragon jirgin ƙasa na wasa da na aiko maka ka haɗa, ka tura su ƙarƙashin gado, wai 'yan ajinku suna kiranka ɗan maƙera. Kai da ka ishe ni da zancen zama injiniya? Garmar da Bappa yake noma da ita a Ajingi, wa ya ƙera ta? Jin kunyar aikin hannu rashin tarbiyya ne, kuma ban yarda da shi a gidana ba.

Ka ce wa Dada ta sa ni a addu'a. Allah ya yi maka albarka.

Daga yau, kullum bayan la'asar, a ƙofar zaure za ka zauna kana haɗa taragon, inda duk mai wucewa zai gan ka, har sai ka gama.

Mahaifiyarka,
Karimatu