Tayil ɗin Mama suna nan

Baba,

Na leƙo kana barci, ban so in tashe ka ba, ga shi na makara wurin aiki.

Ka kwantar da hankalinka, tsofaffin tayil ɗin marigayiya Mama masu shuɗin fure ba a kwashe su da ɓaraguzan gyaran kicin ba. Ashe mai tayil ne ya jiƙa su cikin baho a bayan gida. Wai sai sun sha ruwa, in ba haka ba su zuƙe na simintin su ɓamɓaro. Wallahi da na gan su sai da na zauna a ƙasa.

Ya zo da sassafe, mun jera su mun gwada: nata a bangon bayan murhu don sauƙin gogewa, sababbin duwatsun ado su kewaye su.

Don Allah in ya dawo ka ba bawan Allahn nan haƙuri, jiya ka wanke shi tas da faɗa, alhali ba laifinsa.

Ya so ya ware tayil mai tsagar nan da Mama ta taɓa bugewa da tukunya. Na ce a tsakiya zai sa shi, daidai inda take tsayawa.

Autarka