Gyaran da Jan Birona Ya Yi wa Mai Tabarau

Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka da ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya gwiwar? Allah Ya sa ta lafa, Ya kuma sa ka daina hawa tsani kana jera kaya a shago kamar saurayi. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara ya ji sauƙin tarin, sai dai har yanzu a ɓoye yake shan ruwan sanyi, yana zaton ba na jin ƙarar murfin firij. Ɗanmu Dogo ya koma bakin aikinsa, matarsa ta yi nauyi, muna jiran sauka. Auta kuwa tsawo kawai yake yi, karatun sai addu'a.

Ka san waya muka saba yi, amma maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Na sha ɗaga kiranka da niyyar faɗa, sai mu ɓige da hirar gwiwa da tsadar kaya, in ajiye ban faɗa ba. A takarda dai ba za ka ga fuskata ba, ni ma ba zan ji shirunka ba. Maganar 'yarka ce, Mai Tabarau, wadda ka bar mini amana tun tana sakandare. Ka tuna sharaɗin da ka gindaya mata, cewa in shekarar nan ta ƙare ba ta sami aiki ba, ta tattara ta zo ta riƙe maka shago. Ta ce maka to, don ba ta iya yi maka musu. Amma ni da nake kwana ina tashi da ita na san ranta ba ya wurin shago. Aikin magani ta karanta, shi take so, tun da ta gama kuma take zuwa taimako a kantin maganin bakin titinmu don kada hannunta ya yi sanyi. Shekarar ga ta tana ƙarewa ba aiki, kuma kafin ka yanke hukunci ina so ka san hannun wa ke ciki.

Watannin baya wani asibiti ya nemi mai kula da ɗakin ajiyar magunguna. Yarinya ta zauna ta rubuta wasiƙar neman aiki, wadda ake ɗorawa a saman takardun shaida, ta buga ta kawo mini in duba. Ka san ni, tsohuwar malamar makaranta, na yi ritaya amma jan birona bai yi ba. Na karanta, Yaya, sai na ji kunya ta kama ni a madadinta. Daga layin farko ta faɗi aikin da take nema da inda ta ga sanarwar. Sai ta shiga cewa ita ta sake jera kantin da take taimako, ta jawo magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa gaba, har mai kantin ya daina zubar da kaya. Ta ce ta iya lissafin kaya a kwamfuta, ta san maganin da ke son sanyi da yadda ake tsare shi in wuta ta ɗauke. Ta ce ta lura asibitin yana da sashen yara, wurin da kuskuren awo ba ya yafuwa, ita kuma mai natsuwa ce a kan awo. Ta rufe da cewa za ta so a ba ta dama ta zo su gana. Shafi ɗaya tak, amma ko'ina na duba “na iya” da “na yi” nake gani.

Na kalle ta ta saman gilashina na tambaye ta wa ya koya mata cika baki. Na ce mutanen da za su karanta manya ne, wasu sun haife ta, yarinya ba ta tsayawa gaban manya tana lissafa gwanintarta. Na ɗauki biro na hau aiki. Layin farkon da ta faɗi aikin da take nema na cire, na ce gaggawa ce. Duk inda ta ce ta iya, na mayar za ta yi iya ƙoƙarinta. Labarin kantin na soke shi ɗungurungum, na ce sirrin mai kanti ne. A madadinsa na zuba gaisuwa da girmamawa har sakin layi guda, na rubuta cewa ita ƙaramar ɗaliba ce da ba ta san komai ba tukuna, amma a shirye take ta koya a ƙarƙashin inuwarsu, kuma duk aikin da aka ga ya dace a ba ta za ta karɓa da godiya. Har na ji daɗin kaina. Ta yi ƙasa da murya ta ce a makaranta an ce musu mai ɗaukar aiki so yake ya san abin da mutum zai iya yi masa. Na ce mata ina koyar da rubutun wasiƙa tun ubanta bai yi aure ba. Ta gyara zaman tabarau, ta ce to, Goggo. Tawa ta buga, tawa ta kai.

Aka yi ta jira shiru. Sai ga ƙawarta da suka yi aji ɗaya, wadda a falona Mai Tabarau ta sha zaunar da ita tana yi mata bitar darasi, an kira ta ganawa, an kuma ba ta aikin. Raina ya ɓaci. Na cika gida da faɗa cewa zamani ya lalace, aiki sai mai uwa a gindin murhu, ɗan talaka ya mutu. Da na bincika sai na ji mai kula da ɗaukar ma'aikata a asibitin tsohuwar ɗalibata ce, wadda muke kira Monita don ita ke rubuta sunan masu surutu a ajina. Na yafa mayafi na tafi in ji dalili, ban ko gaya wa yarinya ba.

Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka na juyawa, teburi cike da takardu an danne su da kofi, ga kwalaye biyu a ƙasa. Monita na ganina ta miƙe ta ba ni kujerarta, ta aika a kawo ruwa, ta yi ta gaishe ni har na fara jin nauyin abin da ya kawo ni. Na faɗi sunan yarinya. Ta sunkuya ta tona kwali na biyu, wato na waɗanda ba a kira ba, ta zaro takardun. Ta ce ta tuna da wannan, don sakamakon makarantar ya yi kyau ƙwarai, wasiƙar ce ta kayar da ita. Ta karanta mini ita da ƙarfi, layi bayan layi, maganata a bakin ɗalibata. Ban taɓa sanin rubutu na iya yi wa mai shi tsirara ba sai ranar.

Ta yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi musu a da. Ta ce takardu kan zo da yawa, ba mai lokacin tono, wasiƙar ce ke sa a buɗe abin da ke ƙarƙashinta ko a ture. Abin da suke nema a ciki kaɗan ne: wane aiki kake so, me ka taɓa yi da ya yi kama da shi, me ya fito daga aikin naka, kuma me ya sa nan kake so ba wani wuri ba. Ta ce wannan wasiƙar ko sunan aikin ba ta ambata ba, ana iya kai ta gidan burodi a nemi aiki da ita. Sannan ta ce yarinyar da kanta ta rubuta ba ta san komai ba, su kuma suka yarda da ita, don ba a miƙa makullin ɗakin magani ga mai cewa haka. Ta ƙara da cewa duk wanda ya taya ta rubutawa, da kyakkyawar niyya ko babu, ya cuce ta.

Ruwan da aka kawo mini ban iya sha ba. Na so in tashi in tafi da rufin asirina, har na kai ƙofa. Sai na juyo na ce mata ni ce. Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga cewa ai rubutun ya yi tsabta, ba kuskure ko ɗaya, zamani ne kawai ya canza. Wannan lallashin ya fi karatun ciwo. Gurbi dai an riga an cike, ba abin da za ta iya yi, ni ma ban roƙa ba.

Da na dawo na sami Mai Tabarau tana ninke wanki, na zauna a bakin gado na gaya mata komai. Na so ta yi fushi, ko ta yi kuka, in sami abin rarrashi. Sai ta ce ba komai, Goggo, ba rabonta ba ne, ta ci gaba da ninki. Na fita na bar mata ɗakin don na kasa kallonta. Tun daga ranar nake tunanin gidanmu. Ka tuna ranar da ka zo na ɗaya a aji, Baba ya duba takardar ya tambaya ko sauran 'yan ajin ba su da lafiya ne? Mun yi dariya, har yau muna yi, amma haka muka tashi, ba a yabon yaro a gabansa, shi ma ba ya faɗin abin da ya iya. Na ɗauka tarbiyya nake ba ta. Ashe na hana ta faɗin gaskiya ne kawai, don duk abin da ta rubuta gaskiya ne, ban soke ƙarya ko ɗaya ba.

Makon jiya wani kamfanin rarraba magunguna ya buɗe gurbi. Na yi zaton ba za ta ƙara nuna mini rubutunta ba, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba. Sai ga ta da safe ta ajiye sabuwar wasiƙa a gabana, ta ɗora jan birona a kai. Ba tsohuwar ta kwafa ba, ta binciki aikin kamfanin ta rubuta wadda ta dace da su. Na karanta har ƙarshe hannuna na ƙaiƙayi, ban buɗe biron ba. Na ce mata ta iya, kuma duk abin da ke ciki na shaida. Ta cire tabarau ta yi ta goge su da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Daga baya ta ce tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa jin wannan kalmar daga bakina ba. Na duba na ga gaskiyarta.

Har yanzu ba su amsa ba, ban kuma san ko za su amsa ba. Roƙona shi ne ka janye wa'adin nan. Damar da ta wuce ni na ɓatar, ba ita ba, kada ka sa ta biya. In shago na bukatar hannu, ga Auta, zan turo maka shi da hutu ya san wahalar duniya. In kuma ka kira ta, kafin ka tambayi maganar aiki, ka faɗa mata abu ɗaya da ka san ta iya. Na san zai yi maka nauyi a baki, ni ma ya yi mini.

Ka gaida maiɗakinka, ka ce turaren ya iso kuma maƙwabta sun kusa ƙarar da shi. Ka gaida tagwaye da ƙaramar sarauniyar gidan, da abokinka mai gyaran agogo in yana nan. Baban yara da Dogo da Auta suna gaishe ka. Mai Tabarau ba ta san na rubuto ba.

Na sa maka kwafin wasiƙarta a cikin ambulan ɗin nan. Ka zauna ka karanta, ka ga 'yar da ka haifa. Ko waƙafi ban taɓa ba.

Taka ƙanwa,
Goggon yara