Motar Madam Ifat a Hanyar Abu Ƙir

Iskandariyya, 9 ga Maris, 1979

Zuwa ga yayana Abdulmaksud,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Kuwait. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Mu nan kowa lafiya. Matata Sakina tana nan da faɗanta, 'yarmu Nadiya ta haifi namiji, rufin gareji kuma har yanzu yana yoyo.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne. Ka tuna Madam Ifat, matar marigayi attajirin audugar nan na unguwar Rushdi? Ta yanke shawarar sayar da motar mijinta, baƙar nan ƙirar 1937 mai kujerun fata. Wani likita, Dakta Nashid, shi ne mai saye. Dukansu suka ce ba za a yi ciniki ba sai ni, Usta Shaban makanike, na gwada ta. Ka san shekara talatin da ɗaya ke nan da kunne nake cin abinci: in ɗora tsinin sukundireba a kan inji, in kara ƙotar a kunne, in gaya wa mutum ciwon motarsa. Na tafi ina taƙama.

Na tayar da ita, na ɗora kofin shayi a kan bonet, ko motsi bai yi ba. Muka kama bakin teku zuwa Abu Ƙir, likita a gefena, Madam a baya da baƙin gilashinta. Sitiyari da nauyi amma ba ya ƙarya, giya tana shiga sumul, birki ya ɗan ja hagu, abin gyaran rabin yini. Abin da ya fi burge ni shirunta. Irin waɗannan motoci don shiru aka ƙera su, na kuwa yi ta zuba yabo, ina cewa ban taɓa tuƙa inji mai ladabi haka ba.

Wajen unguwar Sidi Bishir likita ya ce shi fa yana jin wani ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Na yi dariya, na ce masa ya je ya saurari ƙirjin marasa lafiyarsa, ya bar wa masu inji injinsu. Madam ma ta ce a zamanin maigidanta motar ba ta wannan kukan. A raina na ce tsufa ne. Don in kunyata su na taka ta har casa'in. Kafin mu kai Mandara allurar awon man inji ta faɗi, inji ya buga, muka gangara gefen titi. Da na kwance shi daga baya na tarar boris ya daɗe yana kuka, da na tsaya tun maganar likita da an cece shi. Kayan wannan inji babu su a Masar, kamfanin ma ya daina yin su tun kafin a haifi Nadiya. Madam ba ta zage ni ba. Ta sa hankici ta goge ƙurar kujera, ta ce a nemo mata tasi. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Washegari likita ya zo gareji. Ya ce ya tsaya a bayana ya kira sunana sau uku ban juyo ba. Ya ciro agogonsa ya kara mini a kunnen hagu, ban ji komai ba. A dama kaɗan-kaɗan. Ya duba ni a asibitinsa, ya ce jijiya ce, ƙarar injuna ta cinye ta, ba ta dawowa, sauran ma tafiya yake yi. Shirun da na yi ta yabo ashe a kaina yake.

Na rasa abin yi, Yaya. Ban iya wata sana'a ba, kuma labari ya zaga kasuwar makanikai. Sakina ban gaya mata ba. Wata shida ke nan tana cewa na yi girman kai, ana magana ina share mutane, ni kuma ina ce mata ita ce ta koyi ƙunƙuni.

Ka gaida Anti Zubaida, da Midhat da Salwa, da surukinka Hajji Ramzi. Sai roƙo ɗaya. Kaset ɗin da ka aiko da Sallah, wanda na ce na ji na gode, ƙarya na yi. Sau huɗu na sa shi, na ƙure murya, na san kai ne kake magana, na gane dariyarka, amma ban kama abin da ka ce ba. Don Allah ka rubuto mini shi a takarda.

Ƙaninka,
Shaban